Sunaye Biyar a Gefen Littafin Sarakunan Jojiya

Juma'ar da ta wuce, muna fitowa daga masallaci a Château Rouge, nan Paris inda na dawo da zama, wani ɗalibi ɗan Tawa mai karatun dokta ya tare ni da kundinsa a cikin leda. Ya yi mini gaisuwar tsaye, ya ce, "Baba, a ɗaure mini wannan kafin Litinin. Ai kwali ne da kol, awa ɗaya ta isa." Abokansa suka tabbatar masa, wani ma ya ce ya ga yadda ake yi a waya. Ban tanka ba, domin ƙofar masallaci ba wurin faɗa ba ce. Amma maganar ta tsaya mini a wuya har na iso gida, shi ya sa na zauna nake rubuta muku wannan, ku ɗaliban da kuke ganin ɗaurin littafi wasa ne. Ban yi karatu mai zurfi ba, ku yi haƙuri da rubutuna. Abin da na sani shi ne fata da takarda da zare, da kuma ɓarnar da hannu yake iya yi cikin daƙiƙa ɗaya, domin na yi ta.

Sunana Sani, ubana baduku ne a Damagaram, haka ma kakana. Na zo Paris na haura shekara talatin, ina shimfiɗa jakunkuna da bel a bakin hanya wajen Porte de la Chapelle, ido ɗaya a kan kaya, ɗaya a kan 'yan sanda. Wata rana wani tsoho gajere mai farin gashin baki ya tsaya, ya ɗauki jakar kuɗi ɗaya, ya juya cikinta waje. Bai dubi adon ba. Bakin fatar ya duba, inda aka fere ta aka ninke. Ya tambayi wanda ya yi, na ce ni ne. Ya shinshina ta, ya ce wannan jar akuya ce, jimar bagaruwa. Na ce ta Maraɗi ce. Ya ce irin wannan fata masu ɗaurin littafi na ƙasar nan suka yi shekaru suna nema suna kiranta da sunan wata ƙasa, ni kuma ina ɗinke ta ina ba masu ajiye tikitin metro. Sunansa Otar, mutumin Jojiya ne, ƙasar duwatsu da ke tsakanin Rasha da Turkiyya. Washegari na je shagonsa, kuma na yi shekara goma sha ɗaya a can.

Aikin farko da ya ba ni dama kol ne, wato abin manna takarda da fata. Garin alkama da ruwa, a wuta mai sanyi, ana juyawa hannu ba ya tsayawa, a tace da ƙyalle, a bari ya huce. In gudaji ɗaya ya shiga, zai fito a bayan fata kamar ƙurji bayan an gama aiki. Sai da na yi wata uku ina damawa yana zubarwa. Ni da nake da mata da 'ya'ya biyu a gida, ni da na ɗinka sirdin doki tun ina saurayi, aka tsayar da ni a gaban tukunya. Bayan kol sai ferar fata da aska a kan dutse, a nan ne kaɗai bai koya mini kome ba, shi ma tsayawa yake yana kallo. Sai ɗinki a kan katako, da zaren lilin da aka shafa wa kaki, kaye bayan kaye, wato ninkin takardun da ake jerawa su zama littafi. Sai ƙashi mai santsi na ninke takarda, da guduma ta lanƙwasa gadon bayan littafi, da firas inda ake matse shi kwana biyu. Sai sanin inda jijiyar takarda ta nufa, domin in ka manna ta a karkace, littafin zai yi ta buɗe baki har abada. Shekara ɗaya cur ban taɓa littafin mai kawo aiki ba. Wanda ya ce awa ɗaya, ya zo ya dama mini kol tukuna.

Maigida Otar yana da doka biyu game da tsohon littafi. Ta farko, wuƙa ba ta taɓa gefensa, ko ya yi baƙi, ko ya zaizaye kamar ɓera ya ci. Ta biyu, duk ɓarɓashin da ya faɗo daga jikinsa, ko da girman farce ne, a sa a ambulan a mayar wa mai littafin. Ni kuma na zo da tawa dokar daga gida. A wurinmu takarda mai rubutu ba ta kwana a ƙasa, ba ta shiga shara, domin ba ka san ko da sunan Allah a jiki ba. Ana tsince ta a ƙona a wuri mai tsabta. Ina da gwangwani a bayan shago don haka. Maigida ya ga abin ya burge shi, ya ce in ci gaba, amma da takardun shago kawai, ban da na mutane.

Littafin farko da ya bari na warware na wani direban tasi ne, shi ma ɗan Jojiya, littafin addu'o'in uwarsa. Daga nan na fara sanin mutanen. Kakanninsu sun gudo ne lokacin da sojan Rasha suka mamaye ƙasar, kowa ya ɗauko abin da hannu zai iya ɗauka, kuma da yawansu littafi suka ɗauko. Ranar Asabar sukan cika shagon, ba don aiki ba, don gardama. A bango akwai wata babbar takarda da aka zana bishiyar sarakunansu, kuma a gabanta ake tsayawa ana nuni da sanda. Maigida yakan raɗa mini cewa a nan Paris duk ɗan Jojiyar da ka gani ɗan sarki ne, bai san wanda aka bari yana noma a can ba.

Ina ɗinki ina saurare, har na haddace abin ba da niyya ba. Gida ɗaya ne ya mulke su shekaru ɗaruruwa, kuma gidan yana cewa jininsa daga Annabi Dawuda ya fito. Akwai sarkin da suke kira Magini, wanda ya hau yana matashi ƙasar tana hannun baƙi, ya ƙwato babban birninsu, ya gina makarantu da wuraren ibada. Akwai mace daga zuriyarsa wadda ubanta ya naɗa tun yana da rai don kada manyan fada su yi musu bayansa, kuma ba sa ce mata sarauniya, sarki suke ce mata. In aka ambace ta tsofaffin nan sukan gyara tsayuwa. Bayanta Mongol suka zo, har aka yi lokacin da 'yan'uwa biyu masu suna ɗaya suke sarauta tare. Daga baya ƙasar ta rabu uku, kowane yanki da reshensa na gidan, kowane reshe kuma yana cewa shi ne gangar jikin. Abin da yake rikita lissafin shi ne suna. Jika yakan ɗauki sunan kaka, kamar yadda muke yi, sai sunaye huɗu ko biyar su yi ta zagayawa. In ba a rubuta wane ɗan wane ba, a kuma jere daidai, ba wanda zai gane komai. Ku da kuke dariya kuna cewa sarakunan wace ƙasa ce wannan da ba a ji ba, ku tambayi kanku sunan kakan kakanku, ku gani ko za ku iya.

Da Maigida ya rasu, magadansa suka sayar da shagon aka mayar da shi wurin sayar da waya. Na kwashe askata da ƙashina da firas ɗin da ya bar mini na koma Lyon, na kama ɗan ɗaki a ƙasan wani bene a Vaulx-en-Velin. Shekarun farko Allah ya rufa asiri. Sai shekarar da ba na son tunawa ta zo. Ɗakunan karatu suka daina aiko da tsofaffin littattafai, suka ce yanzu hoto ake ɗauka a sa a na'ura. Shagunan kwafi suka buɗe a kowace kusurwa suna huda takarda suna zura mata roba. Na yi wata biyu ina buɗe shago ina share shi ina rufewa. Don kada in koma shimfiɗa kaya a titi, na sayi tsohon masiko na lantarki, injin yankan takarda mai wuƙa kamar takobi, na shiga ɗaurin kundin ɗalibai. Irinku. Kowa yana zuwa saura kwana ɗaya, kowa yana so gefen ya fito fes kamar an yanka sabulu. Ba wanda ya taɓa duba ɗinkin. Sai na gane wani abu mai haɗari: in ɗinki ya karkace, takardu suka yi gaba da baya, masiko yana gyara maka fuska. Ka danna, ya sauka, ɓarnarka ta ɓace. Na yi wata takwas ina danna wannan maɓalli sau hamsin a yini, har hannuna ya manta da tsoro.

Littafin Madam Eteri ya iso ni a cikin wannan halin. Tsohuwa ce doguwa, ta kusa tamanin, na santa tun shagon Maigida, takan kawo masa burodi mai cuku. Ta shigo jirgin ƙasa daga Paris takanas, ta hau metro da bas har ƙofata, da littafin a naɗe cikin tawul a ƙirjinta. Ta ce an nuna mata masu ɗauri uku a Paris ta ƙi, domin hannun Otar take nema, kuma an ce a wurina ya rage. Tarihin sarakunansu ne, rubutun hannu, takarda mai kauri, bangon ya rabu, zare ya tsinke, kayen tsakiya sun fita suna yawo. Ta buɗe wurin da kanta. Ta nuna mini wani sarki na bayan rabuwar ƙasa, ta ce daga ƙaramin ɗansa suka fito. A gefen shafin, daga daidai sunan sarkin, wani ya fara rubutu da ƙaramin hannu, wani ya ɗora, wani ya ɗora, ana gangarawa gefe zuwa gefe har shafi shida. Al'adar gidansu ke nan: in an haifi ɗa, ranar batem, wato sunansu na coci, uba ya rubuta shi a ƙarƙashin nasa sunan. Na ƙarshe jikanta ne, da hannun ɗanta wanda ya riga ta rasuwa. Yanzu jikanta ya samu ɗa namiji, batem saura mako shida, tana so littafin ya iya buɗuwa a gaban dangi.

Ta kuma gaya mini abin da ya sa gaban dangi yake da muhimmanci. Akwai wani ɗan'uwansu na nesa, Misye Givi, babba a ƙungiyarsu, yana haɗa littafin zuriyar sarakuna da za a buga. Shi da ubansa kafin shi sun daɗe suna cewa gidan su Eteri bayin fada ne da suka ari sunan iyayen gidansu. Ba a taɓa nuna masa littafin ba, domin mijinta ya rantse Givi ba zai taɓa shi ba. Yanzu mijin ya rasu, ita kuma ta yanke shawara a ranar batem za ta ajiye shi a gabansa, don jaririn ya shiga lissafi. Za ku tambaya me ya sa ba ta yi kwafi ba. Ta ƙi a kifa shi a kan gilashin inji yana tarwatse, ta ce sai an ɗaure. Ni ne ya kamata in ɗauki hoton kowane shafi kafin in fara, ban ɗauka ba, domin ina da kundi goma sha biyu suna jira.

Na warware shi daidai, na sa lamba da fensir, na wanke abin wankewa, na toshe yagewa da takardar Japan, siririyar takardar gyara. Har nan Maigida ba zai ce kome ba. A ɗinki na ɓata. Na ɗinka shi a rana ɗaya, tsakanin ɗalibi da ɗalibi, ina tashi ina komawa, zare yana saki ina ja. Da na fito da shi daga firas, kayen tsakiya sun turo gaba, gefen littafin ya zama kamar matakala. Gyaran sananne ne: a tsinke a sake, kwana uku. Na tsaya ina kallonsa, ga masiko a gefena da ɗumi, na gama yanka kundin wata yarinya. Na ce wa kaina milimita biyu kawai, daga baƙin da ba kowa a ciki. Na daidaita shi da kayen gaba, waɗanda suke a ciki. Ban auna na tsakiya da suka turo ba. Na danna.

Inji ba ya jin abin da yake yanka. Ƙara ɗaya ya yi, kamar kullum. Da na ɗaga littafin gefensa ya yi kyau ƙwarai. Da na duba ƙasa sai na ga a cikin baƙin zare-zaren takarda akwai uku masu faɗin ɗan yatsa, da rubutu a jiki.

Yanzu ku saurara da kyau, domin yankan ba shi ne babban laifin ba. Duk mai ɗauri ya san abin yi: a tsince su, a sa a ambulan, a mayar da kowanne wurinsa da takardar Japan da kol mai ruwa. Tabo zai zauna, amma rubutu ya tsira. Na yi irin wannan ga littattafan da wasu suka ɓata. Ni kuwa na durƙusa na tattara su da hannu biyu, na ce takarda ce mai rubutu, ba ta kwana a ƙasa, na fita bayan shago na sa a gwangwanina na kunna ashana, da rana tsaka, bayan azahar. Har bisimilla na yi. Na yi shekaru ina cewa hannuna ne ya bi al'adar gida ba tare da tunani ba. Ƙarya ce, ko rabin ƙarya. Na ɗauki ladabin da ubana ya koya mini na lulluɓe ɓarnata da shi. Bature da ba ya girmama rubutu, a shara zai jefa su, washegari ya tono su. Ni mai girmamawa na mayar da su toka.

Na rufe shi da jar fatar da na fi ji da ita, na kai mata Paris da kaina. Ta shafa bangon ta yaba. Ta buɗe tsakiya, ta sa yatsa a gefe, ta gangara shafi ɗaya, ta juya, sai yatsan ya tsaya. Wutsiyoyin haruffa ne kawai suka rage a bakin takarda. Ta juya na gaba, haka. Na gaba, haka. Sunayen farko na kusa da sarki suna nan, na ƙarshe na kusa da ita suna nan, biyar na tsakiya babu. Ta dube ni. Na ce gefen ya ruɓe da danshi, yana farfashewa da kansa, ban iya ceto shi ba. Ta ba ni shayi, ta raka ni ƙofa.

Bayan kwana goma ta kira ni a waya. Ta nuna wa Givi littafin tun kafin ranar, don ta san inda ta tsaya. Ya ce mata ba a taɓa rubuta kome a wurin ba, sunayen sama na gidan sarauta ne na gaskiya, na ƙasa wani bawa ne ya samu littafin ya ɗora nasa, tsakaninsu kuwa babu gada, ita ce tsufa ya sa take ganin abin da babu. Ta ce, "Misye Sani, kai ka gani da idonka. Ina roƙonka ka zo ka faɗa." Na ce mata ina ganin littattafai da yawa, ba na iya tuna kowane shafi, kuma ban iya rubutunsu ba. Haka na ce wa tsohuwar da ta shigo jirgi ta zo har ƙofata. Ba sai na gaya wa Musulmi hukuncin mai ɓoye shaida ba. Kwana huɗu na yi ina zuwa shago ba na iya zura zare a allura, a na biyar na kira ta na faɗa mata komai, har da gwangwanin. Ta ba ni rana da adireshi, ta ce ba ita zan gaya wa ba.

Walimar batem ɗin a wani zaure aka yi a bayan Paris, da rana, tebur ɗaya dogo, mutum kusan sittin. A al'adarsu akwai shugaban tebur, shi yake miƙewa ya ɗaga kofi ya yi jawabi, ɗaya bayan ɗaya a jere: ga Allah, ga ƙasa, ga jariri, ga matattu. Givi ne shugaban, mutum mai ƙiba da murya mai daɗi. Aka ajiye mini ruwa a ƙarshen tebur. Da aka zo kan kakanni, Madam Eteri ta miƙe, ta ce kafin a sha tana da mai shaida. Na tashi, da Faransancina na titi na faɗi abin da na yi daga ɗinki har ashana.

Givi ya bari na gama. Ya ce, "Abokina, ka iya karanta rubutunmu?"

Na ce a'a.

"To me ka gani?"

Na ce, "Layi biyar a shafi uku. Hannu huɗu daban. Biyu da baƙar tawada, uku da mai ruwan ƙasa. Na biyu da na uku mutum ɗaya ya rubuta, yana danna alƙalami har ya huda takarda."

Ya juya ga jama'a yana murmushi, ya ce wataƙila maganin ciwon ciki ne kakar wani ta rubuta, wa ya sani, tunda mai shaidar bai iya karatu ba kuma shi ya ƙona shaidar. Wasu suka yi dariya. Ya ce ya yaba da gaskiyata, har ya ɗaga mini kofi, amma ba a shigar da mutum gidan sarauta da launin tawada. Har yau in na tuna murmushin nan jinina yana tafasa, domin ya san rubutun yana nan, wutsiyoyin haruffan suna gabansa, mutumin da ya yi shekaru yana karanta tsofaffin takardu. Amma ni na ba shi bakin magana. Aka buga littafinsu babu gidan Eteri a ciki, kuma har ta rasu ba a gyara ba.

Wani daga cikin dangi ya matso ya ba ta shawara ta sake rubuta sunayen daga ka, a sa mini in tsufar da takardar da ruwan shayi, ba wanda zai gane nan da shekara ashirin. Na iya wannan aikin, kuma a ranar da ta ce in yi da na yi. Ta ƙi. Ta ce uku ta tabbata da su, biyu tana shakkar wanda ya riga wani, kuma ba za ta sa a littafin abin da ba ta tabbata ba, balle da hannun da ba na masu shi ba.

Abin da ta sa ni shi ne wannan. Na dawo da kayan aikina gidanta, domin ta ce littafin ba zai sake barin idonta ba. A kan teburin cin abincinta na tsinke ɗinkina gaba ɗaya na sake, kwana uku kamar yadda ya kamata tun farko, tana zaune tana kallo. Ga kowane shafi uku na ƙara tsiri na sabuwar takarda daidai faɗin abin da na cire. Na ɗauko mai kalar tsufa don ta saje, ta ture ta, ta zaɓi fara fat, ta ce duk wanda ya buɗe ya ga inda aka yi rashi. Ta ce a bar su babu rubutu. Sannan ta juya shafi na shida, ƙarƙashin sunan jikanta inda ɗan fili ya rage, ta miƙo mini alƙalami, ta ce in rubuta abin da na faɗa a zaure, da harshena, da sunana da na ubana. Na ce mata wannan layin 'ya'yan sarakuna ne, ni baduku ne. Ta ce ta sani, in rubuta.

Da ajami na rubuta, domin shi hannuna ya fi sani: "Ni Sani ɗan Mamman baduku na Damagaram, na yanke sunaye biyar daga gefen wannan littafi na ƙona su. Suna nan kafin in taɓa shi." Jikanta ya rubuta fassarar da rubutunsu a ƙasa, na sa hannu. Fili ɗan kaɗan ya rage a ƙasan shafin, bai kai faɗin yatsa biyu ba. A nan ya rubuta sunan jaririn, da ƙananan haruffa don ya shiga, muka bar littafin a buɗe a kan tebur har tawadar ta bushe.